Korar Ɓera Da Gyaran Wayar Wuta Ma Shirin Haihuwa Ne

 

Duk ranar awo, idan mace ta shiga wata na bakwai, mukan miƙa mata jerin kayan da za ta tanada: zannuwa, audugar mata, safar hannu, sabulu, kayan jariri da kuɗin motar tsakar dare. Mukan tambaye ta wa zai kawo ta idan naƙuda ta tashi, wa kuma zai ba ta jini idan an buƙata. Duk wannan daidai ne. Amma akwai tambayar da ba ta cikin katin awo, wadda a ganina ya kamata a ƙara ta. Wane irin ɗaki za ki koma da jaririn nan? Akwai ɓera a ciki? Wayoyin wutarsa lafiya suke?

Na san wata za ta ce, "Haba Sista, ina ruwan ungozoma da ɓera?" To saurara ki ji.

Wani hunturu da ya wuce, ina aikin dare, aka kawo mana wata baiwar Allah mai cikin wata takwas. Da asuba ta jona hita a bokiti don ta ɗuma ruwa, ƙafarta ba takalmi, ƙasa kuma a jiƙe. Ashe ɓera ya gwaguye wayar daga bayan durowa. Hannunta na kaiwa wurin, wuta ta ja ta, ta yar da ita. Da ta tashi ta ga babu ƙuna a jikinta, sai ta ci gaba da aikin gida. Sai da dare ya yi ta lura tun safe ba ta ji motsin ɗan yadda ta saba ba. Muka kwantar da ita, likita ya duba ta, muka kwana muna sauraron bugun zuciyar ɗan. Allah ya kiyaye, uwa da ɗa suka tsira. Abin da ban manta ba shi ne maganar mijinta a bakin ƙofa. Ya ce, "Wallahi Sista, wata uku muna jin gudunsu a silin. Kullum sai in ce gobe zan kira mai gyara."

Wannan goben ce nake so mu yi magana a kanta. Ra'ayina shi ne, raba gida da ɓera da gyara wayar da ya ɓata suna cikin shirin haihuwa kamar yadda tanadin zani da sabulu suke. A gama su kafin ciki ya shiga wata na bakwai. Kuma aikin maigida ne da sauran mutanen gida, mai ciki ba ta da hannu a ciki sai tunatarwa.

ME YA HAƊA ƁERA DA WAYA?

Haƙoran ɓera na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye. A shekara guda sukan ƙaru da fiye da santimita 10. Saboda haka kullum yana cikin gwaguyar abu mai tauri: katako, roba, bututun ruwa, da robar da ta lulluɓe wayar lantarki. Silin kuwa shi ne wurin da ya fi so, domin akwai ɗumi, akwai duhu, ba mai damunsa. A nan ne kuma wayoyin gida suke shimfiɗe.

Idan ya kware robar, jan ƙarfen ciki ya fito fili. Wayoyi biyu tsirara suka haɗu, sai tartsatsi. Idan kuma ya cinye rabin zaren wayar, ragowar sai ta riƙa ɗaukar zafi duk lokacin da aka jona abu mai jan wuta kamar hita, dutsen guga ko risho na lantarki. A gefen wannan wayar ne ɓera ya tara tsummoki, takardu, leda da soson katifa ya yi sheƙa. Ga busasshen katakon rufi, ga iskar hunturu. Kin ga an haɗa makamashi da ashana wuri guda, a saman gadon da za ki kwantar da jariri.

Abin da ke ƙara muni shi ne yadda ake ɗauke mana wuta. A ɗauke da yamma, a manta da kayan da ke jone, a kwanta. Ƙarfe biyun dare a dawo da ita, kowa na barci. A gobara, hayaƙi kan riga harshen wuta yin kisa, jariri sabon haihuwa kuwa ba ya iya ko juya kansa, uwarsa ma ba ta gama warwarewa ba balle ta yi gudu.

Haɗarin ɓera da wuta ba sabon abu ba ne. Ya zo a ingantaccen hadisi an hore mu da rufe kwanukan abinci da kashe fitila idan za a kwanta, saboda ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. A da lagwani yake ja, yau waya yake ci.

Ga alamomin da ke nuna waya ta samu matsala:

Warin roba mai ƙuna wanda ba a san daga inda yake fitowa ba. Ƙwan lantarki na ɗaki ɗaya yana kyaftawa alhali na sauran ɗakuna lafiya lau. Soket ya yi baƙi ko ya yi zafi. Fis yana yawan ƙonewa. Firji, ƙofar ƙarfe ko famfo suna ɗan jan mutum idan ya taɓa. Ƙarar tas-tas a bango ko a silin.

Da an ga ɗaya daga cikinsu, a kashe wutar daga babban makunni, a kira ƙwararren mai gyaran wuta. Kada a ɗaure fis da waya mai kauri don ya daina ƙonewa. Fis an yi shi ne ya mutu a madadin gidan, wanda ya hana shi mutuwa ya miƙa gidan ga wuta.

IDAN WUTA TA JA MAI CIKI

Wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce. Idan ta shiga ta hannu, hanyar da take nema ita ce ƙasa ta ƙafafu, kuma mahaifa tana kan wannan hanya. Ruwan da ɗa ke kwance a ciki yana ɗaukar wuta sosai. Shi ya sa uwa za ta iya tashi garau ba ko tabo, alhali ɗan ya jigata. Faɗuwar da wutar ke jawowa ma kan iya sa mabiyiya ta rabu da jikin mahaifa kafin lokaci.

Saboda haka 'yar'uwa, idan wuta ta ja ki, ki zo asibiti a ranar, ko da kina jin lafiyarki ƙalau. Kada ki jira sai kin ga jini, ko ciwon mara, ko motsi ya ragu. Ku kuma 'yan gida, idan kuka ga wuta ta riƙe mutum, kada ku kama shi da hannu. A kashe makunni tukuna. In ba a kai gare shi ba, a ture wayar da busasshiyar sanda ana tsaye a busasshen wuri. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa matuƙar ba a yanke wutar ba. A fitar da yara da mai ciki waje, a zuba yashi idan ƙarama ce, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

CUTAR DA KE CIKIN FITSARINSA

Ɓarnar waya ana ganin ta da ido. Wadda ba a gani ita ta fi tayar min da hankali, wato zazzaɓin Lassa. An fara gano wannan cuta a shekarar 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, bayan ta kashe wasu ma'aikatan jinya biyu na mishan. Mai ɗauke da ita wani ƙaramin ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda ke zama a gonaki yana kuma shigowa gidaje. Shi cutar ba ta kwantar da shi, yana dai zubar da ƙwayarta a fitsari da kashi. Idan suka taɓa abinci, ruwa ko kwanuka, ko aka share busasshen kashin aka shaƙi ƙurar, mutum na iya kamuwa. Daga nan sai ta bi jini da sauran ruwan jikin majiyyaci ta kama masu jinyarsa. Ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba, amma ba wanda zai iya bambancewa da ido a cikin duhun kicin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa nuna wata alama mai tsanani. Ga mai tsohon ciki kuwa lissafin ya juye. A watanni ukun ƙarshe, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu akan rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Cikin waɗanda suka warke daga cutar kuma, kusan ɗaya cikin huɗu kan samu matsalar ji. Har yanzu babu allurar rigakafinta da aka amince a yi wa jama'a.

Mu ma'aikatan lafiya ba mu manta da watan Janairun 2020 ba, lokacin da likitoci biyu suka rasu a Kano sakamakon wannan cuta, bayan aikin da aka yi wa wata mai juna biyu, ita ma ta rasu. Allah ya jiƙansu. Jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba ne suka fi fama da ita, amma ɓera da buhun hatsi ba su san iyakar jiha ba. Ta fi yawa a lokacin rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da aka kawo amfanin gona gida, aka ƙone daji, ɓeraye suka biyo abinci cikin gari.

Wahalarta ita ce farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifot: zafin jiki, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai ko gudawa. Alamun kan iya ɗaukar har kwana 21 kafin su bayyana. Kumburin fuska da zubar jini sai daga baya suke zuwa, lokacin an makara. Don haka duk zazzaɓin da ya kama mai ciki na asibiti ne a ranar, ba na kemis ba. Idan an ba ki maganin zazzaɓi kika sha kwana biyu ba sauƙi, ki dawo. Kuma ki gaya wa likita gaskiya cewa akwai ɓeraye a gidanku. Ba abin kunya ba ne, wannan kalma ɗaya na iya sa a yi gwajin da ya dace da wuri. Hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, tana da lambar kira kyauta, 6232.

Bayan Lassa, ɓera kan ciji jarirai da dare, musamman a yatsu da fuska, saboda ƙanshin nono. A riƙa goge bakin jariri da hannuwansa bayan shayarwa, a sa shi cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Idan cizo ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a kawo shi asibiti.

ABIN DA YA SA BA NA GOYON BAYAN FARA DA GUBA

Da an ce ɓera, abin da ke fara zuwa ran mutanenmu shi ne shinkafar ɓera ko wani garin magani da ake talla a kasuwa ba suna ba lambar NAFDAC. A nan na saɓa da mutane da yawa. A gidan da ke da mai ciki da yara masu rarrafe, guba ita ce matakin ƙarshe.

Dalilina na farko, ana cakuɗa ta da kifi ko gyaɗa a ajiye a ƙasa, daidai inda hannun yaro ke kaiwa. Wani nau'in gubar yana hana jini daskarewa ne, yaro zai ci ya yi kwana ɗaya ko biyu yana wasa, sannan jini ya fara fita ta hanci ko dasashi. Idan yaro ya ci, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A ɗauko shi tare da takardar maganin a zo asibiti nan take.

Na biyu, ɓeran da ya ci guba yakan koma silin ya mutu inda hannu ba ya kaiwa, ya ruɓe a saman ɗakin mai jego.

Na uku, guba tana kashe waɗanda suke nan ne kawai. Ɓera tana haihuwa bayan kimanin mako uku da ɗaukar ciki, irin mai ɗauke da Lassa kuwa takan zuba 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa ɗaya. Muddin akwai abinci a buɗe da hanyar shiga, wasu za su maye gurbin waɗanda suka mutu. Masu iya magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

YADDA ZA A BI AIKIN DAKI-DAKI

1. A rufe abinci. Hatsi, gari, shinkafa, wake da garin kwaki su koma cikin durom ko bokiti mai murfi, a ɗora a kan benci nesa da bango. A rufe randa da tulu. Kada kwanuka su kwana ba wanki, kada shara ta kwana a kicin. A daina shanya abinci a ƙasa ko a bakin titi ya kwana. Abincin da ɓera ya taɓa a zubar, kada a ce za a yanke wurin a ci saura.

2. A toshe hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramin ɓera na iya kutsawa ta ramin da bai fi kaurin biro ba. A duba ƙarƙashin ƙofa, bakin kwata, inda bututu ko waya suka huda bango, da tsakanin bango da kwanon rufi. A toshe da siminti, ragar ƙarfe ko fallen kwano. Tsumma da leda abin sheƙa ne a wurinsa. A sare reshen da ya taɓa rufi, a kwashe tarkace da itacen girki daga jikin bango.

3. A kafa tarko. A jera su a jikin bango, domin nan ne hanyarsa, da ɗan ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. A kafa da dare bayan yara sun kwanta, a kwashe da asuba. Tarkon ƙarfe mai kashewa nan take ya fi na gam, domin ɓeran da ya maƙale da rai yana ta fitsari a wurin.

4. A share da dabara. Kada a sa tsintsiya a busasshen kashin ɓera. A buɗe tagogi na rabin awa. A haɗa bilic irin su Jik ko Hypo, kofi 1 da ruwa kofi 9, a jiƙa wurin, a bari minti 5, sannan a goge da safar hannu ko leda a hannu. Mushen ɓera ma a jiƙa shi haka, a ƙulle a leda biyu a binne, a wanke hannu da sabulu. A hana yara farautar ɓera da wasa da shi.

5. A gyara waya. Bayan an toshe hanyoyi, mai gyara ya hau silin ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka gwaguya a canza ta, naɗa salatif ba gyara ba ne. A zura sababbin cikin bututu. A tambaye shi ko gidan na da wayar ƙasa, da na'urar nan mai yanke wuta da kanta idan ta ja mutum. A duba wayar firji, fanka, hita da ta janareto. In an gyara waya ba a kori ɓera ba, an saya masa sabon abin gwaguya ne.

Duk cikin waɗannan, 'yar'uwa, naki shi ne rufe abinci da sa ido. Ba ke za ki share kashin ba, ba ke za ki ɗauki mushe ba, ba ke za ki hau kujera duba waya ba. Idan kuna kiwon kyanwa, tana taimakawa, amma kwashe kashinta ma ba aikin mai ciki ba ne, domin yana iya ɗauke da wata cuta mai illa ga ɗan tayi.

Ga masu tafiya wankan gida, ku tuna abu biyu. Ɗakin da za a sauke ki a gidan iyaye, wanda sau da yawa ya daɗe a rufe ko ana ajiye hatsi a ciki, yana buƙatar wannan aikin kafin ki iso. Naki ɗakin kuma da za a kulle kwana 40 ko fiye, a fitar da abinci daga ciki, a cire duk abin da ke jone, a kashe wutarsa. Kafin ki dawo, maigida ya sa a buɗe shi, a goge, a duba wayoyi.

GARE KA MAIGIDA

Na san uzurin da ake kawowa, kuma ba na raina shi. Wani zai ce ba kuɗi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma Malam, a cikin watannin nan ne ake sabon fenti, ake canza labule, ake fitar da anko, ake haɗa kayan rabon suna. Ban ce a fasa murna ba. Cewa na yi a cire kuɗin mai gyaran wuta, da rabin buhun siminti, da bokitai masu murfi tun farko, abin da ya rage a yi ado da shi. Kuma a nemi wanda ya san aikin, ba yaron maƙwabta da ya iya sa ƙwan fitila ba. Araha ba ta ado.

Wani zai ce gidan haya ne, in na kori nawa na maƙwabci za su shigo. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa aikin na taro ne. Ku magidantan gidan ku zauna ku sa rana ɗaya, a kwashe bola, a gyara kwata, kowa ya kafa tarko a dare guda. Maganar waya kuwa a kai ta ga mai gidan da shaidu, domin in gobara ta tashi, shi ma dukiyarsa ce za ta tafi.

Wani kuma zai ce, tun kakanni muke zaune da ɓera ba abin da ya same mu. Iyayenmu ba su kwana da wayar lantarki a saman kansu ba, kuma mata nawa ne zazzaɓi ya ɗauke da tsohon ciki ba a san sunan ciwon ba? Kowa ya yarda rai da ajali na Allah ne. Manzonsa ne kuma ya hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Ku ma iyayenmu, surukai da kakanni, maganarku ta fi tamu shiga kunnen 'ya'yanku. Yadda kuke tambaya ko an sayi itacen wanka da kayan kunun kanwa, ku tambaya ko an duba silin.

Daga ƙarshe, ga ɗan aikin da nake roƙo a yi yau da dare. Bayan an kashe fitila, ku yi shiru na minti biyar ku saurari silin. Da safe a haska tocila bayan firji, bayan durowa da ƙarƙashin gado. Idan kun ji gudu, ko kun ga baƙin kashi kamar ƙwayar shinkafa, ko waya mai sawun haƙori, to a sa ranar gyara cikin makon nan. Ranar awonki mai zuwa, in kin ga dama ki tsayar da ni ko wata daga cikin abokan aikina ki gaya mana inda aka kwana.

Allah ya raba ku lafiya, ya raya abin da za a haifa, ya tsare mana gidajenmu daga gobara da annoba. Amin.